Mai Jegon da Aka Kawo Daga Jakara

Da na fita takabar maigidana sai na koma gidan yayana a Dala, ni da 'ya'yana biyu. Shekaruna a lokacin sun ɗan haura talatin, ƙasar kuma ba ta kai ga samun mulkin kai ba, ana dai ta maganarsa a rediyon unguwa. Yayana baduku ne, mutumin kirki, bai taɓa nuna mini gajiyawa ba. Amma ina da ido, ina ganin yadda tukunya ɗaya ke fama da bakin gida biyu. Wata safiya maƙwabciyarmu ta shigo ɗiban wuta, ta ce ta ji ana neman mace mai ƙarfin jiki da sanyin rai a gidan da ake jinyar masu taɓin hankali, ɓangaren mata. Ita da dariya ta faɗa. Ni kuwa maganar ta zauna mini a zuciya.

Da na gaya wa yayana, ya ajiye fatar da ke hannunsa ya dube ni.

"Gidan mahaukata? Me ya yi zafi? Wa kike tsammani zai zo zawarcinki in aka ji can kike wuni?"

Na ce, "Yaya, na cikin ma 'ya'yan mutane ne. Dole wani ya miƙa musu ruwa."

"Ai akwai masu miƙa musu."

"Da sun isa da ba a yi cigiya ba."

Ya ɗauki fatarsa ya ci gaba da aiki. Can ya ce in je in gani da idona, shi ya san ba zan kai Juma'a ba.

Wadda ta karɓe ni tsohuwa ce gajera, ƙaƙƙarfa, wadda kowa a gidan ke kira Iya, har marasa lafiyar. Ita ce babba a ɓangaren mata. Tun a zaure ta tsayar da ni, ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Cire 'yan kunnen nan. Cire tsakiyar wuyanki. Mayafin ma ajiye shi nan, in kin tashi tafiya kya ɗauka."

Na ce, "Iya, haka zan shiga ba mayafi?"

Ta juyo mini da kunnenta na hagu. A tsage yake gida biyu, ya daɗe da warkewa.

"Wadda ta yi mini wannan ba muguwa ba ce. Tsoro ta ji, hannunta ya kama abin da ya samu. Duk abin da za a iya shaƙe ki da shi ko a fizge ki da shi, a zaure yake kwana. Ɗaura ɗankwalinki tamau, ki tura bakinsa ciki."

Haka na fara. Iya ba ta zaunar da mutum ta karanta masa aiki. Sai dai ki bi ta a baya, ki ga abin da take yi, in kin tambaya ta gaya miki dalili. Sharar safe a gidan ba shara ba ce kawai, bincike ne. Muna duƙe muna duba gindin bango da ƙarƙashin tabarmi, ko an samu fasasshen kasko, ko ƙusa, ko guntun kwalba da ruwan sama ya tono. Rijiyar tsakar gidan tana da murfin katako da kwaɗo, guga da igiyarsa kuma a ɗakin Iya suke zama. Murhu yana bayan katanga, abinci sai ya sha iska ake shigo da shi. In za a yanke wa mace farce, mu ke yankewa, askar kuma ba ta sauka ƙasa sai ta koma inda aka ɗauko ta.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne magana. Akwai wata dattijuwa da ke cewa wasu mutane na zaginta daga cikin bango. A makona na farko na ce mata, don in kwantar mata da hankali, "Baba, ai babu kowa a bangon nan." Nan take ta miƙe tana ihu, wai na haɗa baki da su. Iya ta taho a hankali ta gabanta, ta yi mata sallama kamar yau suka fara haɗuwa, ta tsuguna nesa kaɗan.

"Ni dai ban ji su ba," in ji Iya, "amma na ga sun tayar miki da hankali. Zo mu koma gindin bishiya, can ya fi iska."

Matar ta bi ta tana ƙunƙuni. Daga baya Iya ta ce da ni, "Kada ki yi musu da ita, kada kuma ki ce kin ji abin da ba ki ji ba. In kika yi mata ƙarya sau ɗaya ta gane, kin rasa ta ke nan. Sa'an nan ki daina zuwa wa mutum ta baya. Ki yi sallama, ki bari ta ga hannuwanki. In kin shiga ɗaki ƙofa ta zama kusa da ke, amma kada ki toshe ta, don ita ma tana son ta ga hanyar fita."

Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Yayana bai sake tayar da zancen ba.

A daminata ta biyu a gidan aka kawo mai jegon. Da hantsi ne, an kwana ana ruwa, lungu duk caɓi. Maza biyu ne suka shigo da ita a kan wani ƙyauren katako, mijinta yana biye, da wata tsohuwa mai kaurin murya da aka ce gwaggon mijin ce, ita ta raine shi. Yarinyar ba za ta wuce ashirin da 'yan kai ba. Haihuwarta ta fari ke nan, ba ta ma yi arba'in ba. Idanunta a buɗe suke amma ba ta kallon kowa, leɓunanta sun bushe sun tsage, ƙafafunta kuma suna cikin mari. Ƙarfen ya ci fatar idon sawunta har ya yi ruwa, ƙudaje na bi.

Mijin maɗinki ne a Jakara. Shi ya yi mana bayani. Ya ce iyayenta sun rasu, shi ya sa ba ta tafi wankan gida ba, gwaggo ce ke yi mata. Bayan suna ta daina barci. Ta daina kallon jaririn, in an miƙo mata shi ta kau da kai. Kowa ya ɗauka kunyar ɗan fari ce, har ana yabonta. Sai ta fara magana ita kaɗai. Wata rana aka iske ta ta fita lungu da jaririn a hannu, ba mayafi, tana gudu, ta faɗi da shi a bakin kwata. An yi rubutu, an yi tofi, an yi hayaƙi. Da ta fara fasa kwanuka, 'yan'uwa suka kira maƙeri.

Gwaggon ta ce, "Ku bar mata marin nan. Ku ba ku san ta ba. Ƙarfin maza uku gare ta in abin ya motsa."

Iya ba ta ce eh ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai ce su je gida, za a duba ta.

Da suka fita na tsuguna a gaban yarinyar, na yi mata sallama, na gaya mata cewa zan taɓa ƙafarta. Jikinta zafi rau. Na ɗago kai na ce, "Iya, in ƙarfen nan ya ƙara kwana a ƙafarta, ƙafar za ta ruɓe."

"Na gani."

"To a cire mana."

Iya ta ja ni gefe. "Cirewa ba wuya. Amma ki sani, in an cire, ke ce marin. Ba za a bar ta ita kaɗai ba ko na ƙiftawar ido, ko bayan gida za ta. In za ki yi salla sai kin damƙa ta a hannun wata, kin faɗa da baki, ita ma ta amsa da baki. In na juya na ga ba kowa a kanta, ni da ke ne. Za ki iya?"

Na ce zan iya.

"Ki yi tunani. Ba aikin kwana biyu ba ne."

"Na yi tunanin, Iya. Zan iya."

Likita yakan zo mana wasu ranaku a mako. Allah ya sa ranar zuwansa ce. Ya duba ƙafar, ya ji zafin jikinta, ya tambayi Iya ko akwai wadda za ta tsaya a kanta. Iya ta nuna ni. Ya ce a cire, ya rubuta allurar zazzaɓi da maganin barci, wani mai wari da in an buɗe kwalbarsa sai duk gidan ya ɗauka. Bayan azahar aka zo da maƙeri. Na zauna a gefenta, na riƙe hannunta, ina gaya mata kowane abu kafin a yi shi: yanzu za ki ji ƙarar guduma, ba ke za a buga ba, ƙarfen za a buga. Iya ta cusa tsumma tsakanin ƙarfen da fatar. Da marin ya buɗe yarinyar ba ta motsa ba. Ƙafafun nan suka zauna a haɗe kamar har yanzu a ɗaure suke. Ni na raba su da hannuna, na wanke gyambon da ruwan gishiri mai ɗumi.

Washegari da maganin barcin ya sake ta, na ga abin da gwaggo ke nufi. Nononta ya cika ya yi tauri, dole a gasa a tatse, in ba haka ba ya zama ƙurji. Ina kai hannu ta zabura, ta hankaɗe ni na bugu da bango, ta yi ƙofa. Na kira Iya da ƙarfi kamar yadda aka koya mini, ban bi ta ni kaɗai ba. Muka taho mata ta gefe da gefe, kowa ta kama hannu ɗaya a saman gwiwar hannu, muka tafi da ita ƙasa a hankali har ta zauna a tabarma. Tana fizge-fizge, na ji kamar in danne ta da ƙirjina in huta.

Iya ta ce, "Kul! Ba a hawa ƙirjin mutum, ba a taɓa wuya, ba a kifa shi. Dubi fuskarta, ki ga tana numfashi. Yi mata magana."

Sai na yi ta cewa, "Sannu, ƙanwata. Sannu. Ba mai dukanki a nan." Muna riƙe da ita har jikinta ya saki, sa'an nan muka sassauta, Iya ta fara, ni na biyo. Ranar ba a yi gashin ba sai da yamma, bayan na nuna mata tsumman da ruwan, na fara ɗora shi a nawa hannun ta gani.

Abinci ma yaƙi ne. Ta ce an zuba mata magani a ciki don ta mutu. Ban yi musu ba. Na dama fura a gabanta, na ɗebo da ludayi na sha, na ajiye ƙoƙon a tsakaninmu na kau da kai kamar ban damu ba. Ranar farko ko kallonsa ba ta yi ba, sai ruwa da na samu ta kurɓa. Na sake damawa washegari, na sake sha. Sai da na yi haka har na fara ƙosawa da fura, sa'an nan wata la'asar na ji ƙarar ludayi a bayan kunnena. Ban juya ba har ta gama. Daga nan na roƙi mai dafa mana abinci ta riƙa yi mata kunun kanwa kamar kowace mai jego, na kuma nemo ganyen runhu na ci gaba da yi mata wanka, da ruwan da na gwada da gwiwar hannuna. Na ce ciwo bai cire ta daga cikin masu jego ba.

Makonni suka tafi a haka. Da rana ni ce, in zan tafi gida in damƙa ta a hannun mai kwana. Gyambon ya kame. Ta fara barci. Ihun ya ragu, amma sai wani shiru ya maye gurbinsa. Takan zauna ta haɗa kai da gwiwa, hawaye na zuba ba sauti. Mijin yakan zo ranar Juma'a bayan masallaci ya tsaya a zaure, in fito in gaya masa yadda take. Gwaggo ta yi masa kashedi, shi kuma ya roƙe mu, kada a yi mata zancen jaririn, wai kada a tayar da ciwon. Muka bi abin da suka ce.

Wata safiya na zo na tarar da ita ta yi wanka da kanta, ta gyara ɗaurin zane, ta gaishe ni da fara'a. Ta cinye kununta tas. Ta ce in yi mata kitso, na yi mata. Da na gama ta ce, "Yaya, kin wahala da ni. Allah ya saka miki. Ki yafe mini." Ta bi sauran matan ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Daɗi ya cika ni, na je wurin Iya da saurina, na bar ta a hannun wata abokiyar aikina.

"Iya, mai jego ta warke!"

Iya ta ajiye abin da take yi. "Me ta ce?"

Na gaya mata. Fuskarta ba ta saki ba.

"Jiya tana kuka, yau tana neman gafarar mutane? Me ya canja tsakanin jiya da yau? An kawo mata wani albishir?"

"A'a."

"To koma wurinta yanzu. Wanda baƙin ciki ya danne, in ya wayi gari sakayau ba dalili, wani lokaci ya gama yanke shawara ne. Yau ce ranar da za ki fi sa ido. Ki duba shimfiɗarta, ki duba zanenta. Kuma ki tambaye ta."

"In tambaye ta me?"

"Abin da kike tsoron tambaya. Da sunansa."

Na ce, "Iya, ba sa mata abin a rai zan yi ba?"

"Abin da ke ciki yana ciki. Tambaya ba ta shuka shi, hanya take buɗe masa ya fito ta baki."

Na koma. Na ce zan kai tabarmarta rana, na ɗaga, sai ga bakin zanenta da ta yage siri-siri, ta tufka shi kamar igiya. Ban yi ihu ba, ban kuma ɓoye mata na gani ba. Na naɗe shi na ba abokiyar aikina ta kai wa Iya. Hadari ya haɗo a lokacin, mata na ta kwashe shanya. Na ja ta muka shiga rumfa, na zauna daf da ita a tabarma ɗaya.

"Ƙanwata, zan tambaye ki, ki gaya mini gaskiya. Kina tunanin kashe kanki?"

Ta daɗe tana kallon ruwan da ya fara sauka. Sa'an nan ta ce, "Eh."

"Me ya sa?"

"Wadda ta kashe ɗanta, zaman me take yi?"

"Wa ya ce miki ya mutu?"

"Na faɗi da shi. Na ji ƙarar kansa. Tun daga ranar ba wanda ya ambace shi. Ko ke ba ki taɓa ambatarsa ba. Da yana da rai ai da wani ya ce yana gaishe ni, ko da wasa."

Shirun da muka yi don mu kare ta, shi ta karanta a matsayin ta'aziyya.

Na ce, "Ɗanki yana raye. Ranar Juma'ar nan ubansa ya gaya mini wata maƙwabciyarku ce ke shayar da shi tare da nata."

"Faɗa kawai kike yi."

"Na taɓa yi miki ƙarya?"

Can ta ce, "In yana raye a kawo shi."

Ban ce mata gobe ba, ban ce jibi ba, don ba a hannuna yake ba. Na ce, "Ba zan yi miki alkawarin rana ba. Amma zan je da ƙafata, kuma duk abin da aka ce mini zan dawo in gaya miki. Ke kuma in tunanin nan ya taso, ki faɗa wa wadda ke kusa da ke." Ta gyaɗa kai. Ban dogara da gyaɗa kan ba. Iya ta sa aka mayar da ita ɗakin da ke jikin nata, aka ba ta zane mai kauri wanda ba ya yaguwa da hannu, muka ƙara tsaro. Da likita ya zo aka gaya masa komai. Ya ce in dangin sun yarda a kawo yaron, shi bai ga abin da ya fi wannan magani ba, muddin muna wurin.

Da na tashi aiki ranar ban nufi Dala ba, na yi Jakara. Na bi ta gefen Kurmi, 'yan kasuwa na ɗaure kaya, na yi tambaya har aka nuna mini gidan. Mijin yana zaure a kan keken ɗinkinsa. Da na gaya masa abin da ya faru, ya dafe kai yana salati. Ya ce shi ya yarda, amma yaron yana hannun gwaggo. Na yi sallama na shiga.

Gwaggo ta saurare ni har na gama, tana tsince shinkafa a faifai.

"Kin gama? To ba inda za shi. Sau ɗaya Allah ya tsare, sai mu ƙara gwada shi? Kuma ciwon nan ta nono ake sha."

Na ce, "Gwaggo, ba shayarwa na ce ba. Ido kawai za ta ɗora a kansa."

"'Yar nan, ke aiki kike yi. Ni jinina ne. Tashi ki tafi kada magariba ta same ki a hanya."

Na tashi. Washegari na gaya wa mai jego gaskiya, cewa an hana, amma na ga yaron da idona a bayan maƙwabciya, yana da ƙiba, yana da gashi cunkus. Ta tambaye ni wane irin zane aka goya shi da shi. Na faɗa mata. Ta ce, "Nawa ne."

Na koma Jakara. Na sake komawa. Har yaran lungun suka san ni, matan gidan suka fara yi mini shimfiɗa. Na daina roƙo, sai in zauna in taya gwaggo aikin da na tarar tana yi, in ba ta labarin yadda surukarta ta ci, yadda ta yi barci, yadda ta fara taya mu shara. Yayana ya ce me nake nema a Jakara kullum, na ce wani abu ne da na ce zan yi. Wata yamma muna sussukar gero sai gwaggo ta tsaya, ta jingina taɓarya.

"Ni na sa aka kira maƙerin nan," ta ce. "Kin ɗauka daɗi na ji? Ni na ɗauke yaron daga kwata, jini a goshinsa. Ke ba ki ga wannan ba."

"Ban gani ba, Gwaggo. Kuma tsoronki gaskiya ne. Shi ya sa nake so ke da kanki ki kawo shi, ki ga yadda za mu yi. In kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki ɗauki jikanki ki tafi, ba mai tare ki."

"Yaya za ku yi?"

Na zayyana mata. A zaure za a yi, nesa da sauran marasa lafiya. Kowa a zaune a ƙasa, kan tabarma, don ko an saki yaro ba inda zai faɗa. Iya a damanta, ni a hagunta. Yaron yana cinyar gwaggo, ba za a miƙa ba sai ita gwaggon ta ga dama.

Ta ɗauki taɓaryarta muka ci gaba.

Ranar wata Litinin da hantsi mai gadi ya leƙo ya ce ana sallama da ni. Na fita na ga gwaggo da goyo, mijin yana bayanta. Muka share zauren, muka fitar da duk abin da ke ciki har da sandar mai gadi. Na shiga na gaya wa mai jego wanda ya zo da yadda za a zauna, na tambaye ta ko ta shirya. Ta ce eh.

Ta durƙusa ta gaida gwaggo. Gwaggo ta amsa a taƙaice, ta kwance goyon ta ɗora a cinya. Yaron yana barci, da ɗan tabo a goshi wanda ya riga ya warke. Mai jego ba ta kai hannu ba. Ta daɗe tana kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Sa'an nan ta miƙa yatsa ɗaya ta taɓa tafin ƙafarsa. Yaron ya janye ƙafar, ya yamutsa fuska, ya tsala kuka. Ita ma sai ta fashe da kuka, irin mai sauti, wanda ban taɓa jin ta yi ba. Na ga hannun Iya ya matso kusa da nata, nawa ma yana nan, amma ba mu riƙe ta ba, don ba abin riƙewa. Mijin ya juya ya fuskanci bango.

Ranar ba ta ɗauke shi ba, ba wanda kuma ya matsa mata. A zuwa na gaba gwaggo da kanta ta ɗora mata shi a cinya, tana riƙe da kansa. Daga baya ta saki.

Ba a tashi ɗaya ta warke ba. Akwai ranakun da takan koma shirunta, mu kuma ba mu sassauta tsaro don an ga yaro ba. Sai da kaka ta yi, aka fara shigo da sabon gero birni, likita ya ce ta iya komawa gida. Kafin su tafi Iya ta zaunar da mijin da gwaggo. Ta ce kada a bar ta ita kaɗai da yaron tukuna, amma kada a raba su. A rufe rijiya, a ɗauke wuƙa da almakashi daga inda take kwana. A bar ta ta yi barci, ko da wata ce za ta tashi da yaron. In ta sake haihuwa aka ga barci ya ƙaurace mata ko ta fara magana ita kaɗai, kada a jira, a zo. Gwaggo ta ce, "Na ji," kuma ta ji ɗin. Da ciwon ya so dawowa a haihuwa ta biyu, ita ta rako ta tun da wuri, ba ta kuma daɗe a wurinmu ba.

Na yi shekaru masu yawa a gidan nan. Iya ta tsufa ta koma wurin 'yarta, ni na zama mai tsayar da sababbi a zaure. Ba duk wadda muka yi jinya ce ta koma gida ba, wasu a hannunmu suka cika, wasu danginsu ba su sake waiwayarsu ba.

Wata shekara aka gayyace ni bikin 'yar wata ƙawata a Koki. Gida ya cika da mata, ana ta kiɗan ƙwarya. Ina zaune sai wata mata mai jiki, cikin atamfa sabuwa, ta taho tana raba tuwo. Ta ajiye akushi a gabana, muka haɗa ido. Ita ce. Na ga ta ɗan tsaya, ta saci kallon matan da ke kewaye da mu. Na gaishe ta kamar yadda zan gaida kowace baƙuwa, ta amsa, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Ta ƙara mini nama a kan tuwon ta wuce.

Wadda ke kusa da ni ta ce, "Au, kun san juna ne? A ina?"

Na ce, "Birni ɗaya muke, ina za a rasa sanin juna." Na jawo akushin na ce ta sa hannu kada ya huce.